Takardar lafiyar mota ba ta fidda mota daga taɓo: abin da ya kamata ƙungiyoyin manoma su sani game da tsohuwar a-kori-kura

'Yan'uwa manoma na Kaugama da sauran ƙasar Hadeja, idan ƙungiyarku na da tsohuwar Hilux ko Land Cruiser da kuke kwaso amfani da ita daga fadama, ko kuna shirin haɗa kuɗi ku saya, to wannan maganar taku ce.

Abubuwa uku sun faru a 'yan shekarun nan da suka shafi motar nan kai tsaye. Na farko, tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala ma da take wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Tunda kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya, tsohuwar kuma gyaranta ya yi tsada. Dole a lallaɓa wadda ke hannu.

Na biyu, ranar 2 ga Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an duba motoci, wato VIO na Abuja, ba su da hurumin tsare mota a hanya, ko ƙwace ta, ko cin tarar direba. Labarin ya zagaye tasha-tasha, har wasu direbobi suka ɗauka an soke binciken lafiyar mota ke nan. A'a. Ƙarar a kan hukumar Abuja aka shigar da ita, kuma maganar ikon tsare mota a hanya ce. Takardar shaidar lafiyar mota tana nan cikin takardun da ake sabuntawa, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma tana nan a kan titi. Na uku, daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara matsa wa masu motoci kan inshorar dole, wadda tun Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta ɗaukar kaya kuwa ya fi haka.

Saboda haka ku gyara takardunku, babu gardama a nan. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Sau nawa aka miƙa kuɗi a sabunta takardu, takardar lafiyar mota ta fito alhali motar tana ajiye a ƙofar gida, babu wanda ya leƙa ƙarƙashinta? Irin wannan takarda za ta wuce da ku shingen jami'ai, amma ba ta san halin da birki yake ciki ba.

A Ingila, tun 1960 ake yi wa motoci gwajin da suke kira MOT. Yanzu duk motar da ta kai shekara uku sai an gwada ta kowace shekara, kuma sakamakon tun daga 2005 yana intanet. Mai saye zai sa lambar mota ya ga shekarar da ta faɗi gwaji, da dalili, da yawan tafiyar da ta yi. Amfanin abin shi ne tarihin, domin cutar da ta taɓa kama mota ita ce takan dawo. Mu a nan, mota takan zo daga Kwatano ko ta fito daga gwanjon wata ma'aikata ba tare da ko layi ɗaya na tarihinta ba. Tunda babu mai rubuta muku, ku ne za ku rubuta da kanku.

Ƙasarmu kuma ba ta raga wa mota. A tudu yashi ne mai kama taya, a fadama laka ce da ruwa, da hunturu ga ƙura. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Hadeja ya san yadda motoci suka riƙa kutsawa cikin ruwa har bakin ƙofa. Ga wuraren da irin wannan aiki ya fi ci.

Shasi. Laka takan maƙale a cikin ƙarfen shasi ta riƙe danshi, tsatsa ta ci shi daga ciki, waje kuma fenti na sheƙi. Ku sa a wanke ƙarƙashin motar, a bi shasin da guduma ana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin ke kamawa. Ƙarfe mai lafiya yakan yi ƙara tas, wanda ya ruɓe sai ku ji shi dum. In za ku saya kuka ga sabon baƙin fenti a ƙasa ko walda a kan walda, ku yi hattara. Araha ba ta ado.

Man giya da na aksil. Aksil da ya yi zafi in ya faɗa ruwa mai sanyi yakan zuƙi ruwan ta ƙofar shan iskarsa. Bayan kowace tsallaka ruwa mai zurfi, a kwance noti a duba man. In ya koma fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo nan take. Kuɗin man bai kai kusa da kuɗin sabon aksil ba. A kuma sake cusa giris a boris ɗin taya da mahaɗan furofela.

Injin. In mota ta mutu a cikin ruwa, kada direba ya sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga injin aka tayar, sai ya lanƙwasa ƙarafan ciki. A jawo ta waje, bakanike ya duba tukuna. Da rani kuma matacin iska ne abin lura: a kakkaɓe shi duk mako. Lagireta ma ƙaiƙayi da laka kan toshe ta, injin ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Tsofaffin injinan dizal na Hilux irin 3L suna da bel na taimin da ake canzawa wajen kilomita 100,000. In ba ku san ranar da aka canza shi ba, ku ɗauka lokacinsa ya yi, domin in ya tsinke yakan tafi da kan injin.

Birki da sitiyari. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara biyu. Bututunsa kuma tsatsa na ci. In an taka birki ya yi laushi ko motar ta ja gefe guda, kada ta ɗauki lodi. Sitiyari mai wasa da yawa alama ce tayirod ko mahaɗan gaba sun cinye.

Taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. FRSC na ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara huɗu, ko da zanenta na nan. Zafin Afrilu da lodi ba sa barin tsohuwar taya.

Fowil. Yawancin waɗannan motoci ba a yi fowil ɗinsu don kwalta ba. A sa shi a yashi ko laka, a cire da an hau titi, in ba haka ba giya ce za ta biya. In kuma an daɗe ba a sa shi ba yakan cije, don haka a riƙa motsa shi ko sau ɗaya a wata.

Sai babban laifin da ba na mota ba ne, namu ne: lodi. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhu goma masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Mun san yadda ake yi ranar kasuwar Gujungu ko Maigatari: buhu ashirin, mutane a sama. Ana cewa an rage kuɗin mai, amma sifirin ne ke karyewa, birki kuma ba ya iya tsayar da nauyin.

To mece ce mafita? Littafi guda na 'yan makaranta. Sakataren ƙungiya ya riƙe shi, ba direba ba. A rubuta kwanan wata, inda aka je, nauyin kaya, ko an shiga ruwa, abin da aka gyara, wanda ya gyara da kuɗin da aka kashe. Sau biyu a shekara a kai ta gareji a duba ta daga kai har ƙafa: kafin damina ta sauka, da kuma bayan ruwa ya janye kafin jigilar shinkafa da kayan noman rani. Mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiya su tsaya a kai. Ma'aji kuma ya riƙa ware wani kaso daga kuɗin kowace jigila don gyara, kada a raba shi a matsayin riba.

Bayan shekara ɗaya littafin zai gaya muku abin da takardar ofis ba za ta faɗa ba: ko motar na ciyar da ku, ko ku ne ke ciyar da ita. In gyara ya cinye kuɗin jigila, gara a sayar a koma haya, kuma mai saye zai fi sakin kuɗi in ya ga tarihi a rubuce.

Ku tuna, ranar da aksil ya karye a tsakiyar fadama da tumatir ko tattasai a baya, asarar ba ta ƙarfe kaɗai ba ce, guminku ne na wata uku ke ruɓewa a rana. In kuma birki ne ya ƙi a kan titi, 'ya'yanku ne zaune a kan buhunan. A taronku na gaba, kafin a shiga maganar taki, ku tambaya: yaushe rabon da wani ya kwanta ya duba ƙarƙashin motar nan? Allah ya kiyaye hanya, ya ba da damina mai albarka.