Keke ya dawo, amma sarƙarsa ba ta saba da rairayin Gidigir ba

 Sharhin namu na wannan mako a kan keke yake. Kar wani ya yi dariya, don maganar aljihu ce.

Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023, da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, man kwalba mai araha da ke shigo mana daga kudu ya zama tarihi. Gwamnatinmu ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, amma wannan farashin gidan mai ne, kafin litar ta isa ƙauye ta hau. A watan Maris na 2025 kuma kowa ya ga dogon layi a gidajen mai, alhali matatar SORAZ tana nan cikin jiharmu ta Damagaram tun 2011. Ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, ba laifinsa ba ne. Sai mutane suka fara jawo tsofaffin kekunan da aka jingina bayan rumbu, ana kakkaɓe masu ƙura.

To nan matsalar take. Keken da muke da shi, Fonis ne ko wani ɗan gwanjo da aka kawo daga Turai, don hanya mai tauri aka ƙera shi. A kan kwaltar da ta taso daga Damagaram ta ratsa mu zuwa Gure, lafiya lau. Da ka sauka kwalta ka nufi kwari inda dabino da lambuna suke, sai keke ya koma kaya, kai ne ke tura shi. Ɗan makarantar da ke zuwa kolej daga ƙauye ya san wannan, mai ɗauko bido biyu na ruwa a kariya ma ya sani.

Bari in yi maku ɗan lissafi, don shi ne gindin zancen. A irin kekenmu, babban faifan da ke jikin feda yakan zo da haƙora 44 ko 46, ƙaramin na baya, wato firiwil, yana da 18 ko 20. In 44 ne da 18, duk zagaye ɗaya na feda taya na juyawa kusan sau biyu da rabi, keke ya ci kamar mita biyar da ɗoriya. Daɗi a kan kwalta, azaba a rairayi. Ka sa firiwil mai haƙora 22, taya ta juya sau biyu cif, tafiya ta ragu da kusan mita guda a kowane zagaye, amma ƙafa ta samu sauƙi. Masu gyaran keke na kasuwa sun san haka ba tare da alƙalami ba. Abin da ya gagara shi ne a samu duka biyun a keke ɗaya, na kwalta da na rairayi, ba tare da an rataya masa abin da zai lalace cikin wata guda ba.

Wani zai ce ai akwai keke mai giya. Akwai. Amma ku duba na gwanjon da ke yawo a gari, nawa ne giyarsu ke aiki? Wannan ƙarfen da ke lilo a gefen tayar baya, mai ƙananan faifai biyu, shi ke fara mutuwa. Yana kusa da ƙasa, rairayi na shiga, keke ya faɗi sau ɗaya ya lanƙwashe. Ƙarshenta mai gyara ya cire shi ya gajarta sarƙa, keke ya koma giya ɗaya.

Abin mamaki, wannan ƙarfen yana damun masu kuɗi ma. A ƙasar Kanada akwai wani matashin injiniya, Cedric Eveleigh, mai son hawan keke a duwatsu, wanda ya gaji da yadda dutse ke karya masa shi. Ya zauna ya lura cewa ƙarfen aiki biyu yake yi lokaci guda: yana matsar da sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan, yana kuma ɗaure ta kar ta yi sako-sako. Sai ya raba ayyukan. Mai sauya giya ya ɗaga shi sama ya ɓoye shi cikin jikin keke, mai ɗaure sarƙa ya mayar da shi tsakiya, wajen gindin feda. Da hannunsa ya ƙera na gwaji, ya hau, ya gyara, ya sake hawa. A ƙarshen 2021 ya fito da shi da sunan Supre Drive, a ƙarƙashin ɗan kamfaninsa Lal Bikes, kuma mujallar kekuna ta intanet Pinkbike ta ba shi kyautar ƙirƙirar shekara. A 2022 kamfanin Nicolai na Jamus ya fitar da keke mai ɗauke da shi.

Labari mai daɗi, amma ku saurari inda gizo ke saƙa. Abin nasa ba ya shiga kowane keke. Sai an ƙera jikin keken musamman dominsa. Ma'ana, kafin mutum ya more dabarar, sai ya sayi sabon keke sukutum, kuma kuɗin irin wannan keke zai sayi babura da yawa a Damagaram. Mai ƙirƙira ya warware matsalar ƙarfe, sai ya faɗa matsalar kasuwa: dole ya bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su canza ƙirarsu saboda shi, su kuwa sun riga sun saba da kayan manyan kamfanoni biyu, Shimano na Japan da SRAM na Amurka. In haka ta samu injiniya a Kanada, ina ga maƙerin Gidigir?

Akwai misali na biyu da ya fi kusa da rayuwarmu. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, tana ƙera wani keke mai ƙarfi da ake kira Buffalo don karkarar ƙasashe irin su Zambiya, Kenya da Malawi. Kariyarsa na ɗaukar kilo 100. A 2024 suka fito da sabon samfuri, S2, mai sarƙa biyu. Babu waya, babu abin murɗawa a hannu, babu ƙarfe mai lilo. In kana son sauya giya, feda za ka mayar baya kaɗan, keke ya koma ɗaya sarƙar. Giya biyu kacal, ta gudu da ta nauyi. In sarƙa ɗaya ta tsinke a daji, ɗayar za ta kai ka gida. Ni dai da na ga hotonsa, abin da na ce a raina shi ne wannan ya taɓa tura keke da buhu a baya.

Sai dai su ma ba a ɗaki ɗaya aka yi ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, F.K. Day, yana cikin waɗanda suka kafa SRAM, don haka injiniyoyin babban kamfani na bayansu. Sun ɗauki shekaru suna gwaji a hannun mahaya na gaskiya. Sun horar da masu gyara a ƙauyuka, sun buɗe shagunan kayan gyara. Dabarar sarƙa biyu ƙaramin ɓangare ce, babban aikin shi ne ranar da firiwil ɗin ya ci, mutum ya samu wani a kusa.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata mu auna duk wata ƙirƙira da shi a nan: in ta lalace ranar Talata a ƙauye, za a iya gyara ta kafin Juma'a da abin da ke kasuwa? Sarƙar keke ta mamaye duniya ne saboda tazarar ƙwayoyinta rabin inci ce a ko'ina, ta Sin ta hau faifan Indiya, ta Indiya ta hau tsohon Rali na kakanka. Duk wanda zai ƙera mana sabon abu, in bai zauna a kan wannan awo ba, in bai shiga zaren tayar da muke da ita ba, ya yi wa kansa ne.

Kuma kar mu raina namu. Ku je rumfar mai gyaran keke ku zauna awa guda. Za ku ga an yanka tsohuwar taya an shimfiɗa cikin sabuwa saboda tsidau da ƙaya. Za ku ga an yi wa kariya walda da rodi don ta ɗauki buhun gero. Za ku ga keken guragu mai feda a hannu, wanda sarƙa da faifan keke ne aka juya sama. Wannan duka ƙirƙira ce, sai dai ba mai rubuta ta, ba mai auna ta. Kowa ya yi nasa, in ya mutu ko ya tafi ci-rani, dabarar ta bi shi.

Me ya hana ta girma? Na farko ƙarfe. Haƙorin faifai yana son ƙarfe mai tauri da aka gasa daidai, rodin gini kuwa laushi gare shi, wata biyu rairayi ya cinye shi. Rairayi da baƙin man da muke zuba wa sarƙa in suka haɗu, magagari ne, suna goge ƙarfe dare da rana. (Wannan ma shawara ce kyauta: a rage mai a sarƙa, a riƙa goge ta da tsumma.) Na biyu awo. Abin da aka yi da guduma da ido, na farko zai yi kyau, na biyar ba zai yi daidai da shi ba, kuma wanda ya saya ya ji haushi ba ya dawowa. Injin gyaran ƙarfe sai an je Damagaram ko Kano. Na uku, wanda ya fi ciwo, lokaci. Mai gyaran da ke neman na cefanen yau da faci ba zai rufe rumfa kwana uku yana gwajin abin da ba a tabbatar ba. Eveleigh ya samu shekarun da zai ɓata kayan gwaji. Namu ko yini ɗaya ba shi da shi.

Sai maganar takardar mallaka, don na san masu ilimi za su tada ta. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, hedikwatarta a Yawunde ta Kamaru. Takarda ɗaya tana kare ƙirƙira a duk ƙasashen, babbar ta shekara 20, akwai kuma ƙarama ta shekara 10 da aka tanada don irin gyare-gyaren kayan aiki. Sharaɗin shi ne abin ya kasance sabo, don haka wanda ya riga ya baza bidiyonsa a TikTok kafin ya kai takarda yana iya rasa haƙƙinsa da hannunsa. Matasa ku riƙe wannan. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman Kané, mai dabarar ban ruwa ta wayar salula da ya ci kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015, ya nuna ɗan Nijar na iya kai ƙirƙirarsa gaban duniya.

Amma in kun tambaye ni, a kan ƙaramin ƙarfen keke ba takarda ce farkon abin nema ba. Najeriya ba ta cikin OAPI, kuma daga can yawancin kayan kekenmu ke zuwa. In wani a Kano ya kwaikwaya, wa zai bi shi kotu, da kuɗin wa? Gara maƙeri ya buga tambarinsa a jikin ƙarfen, ya yi suna da inganci, kamar yadda ake sanin wuƙar wane da garmar wane a kasuwa. Na san akwai masu ganin wannan sakaci ne da haƙƙi, kuma suna da hujja in abin ya kai a yi dubbai. Mu dai ba mu kai goma ba tukuna.

Goman nan ita ce inda ƴan uwa na waje za su shigo. Kuna aiko da kuɗin salula, kuna aiko da na babur, Allah ya saka. Kuɗin babur ɗaya zai ishi a biya mai gyara ladan wata guda, a sayo firiwil da sarƙa da boris, a kai zanen Damagaram a yanka guda goma masu awo ɗaya. A raba su ga mutum goma da ke hawa kullum, ɗan makaranta, mai tallan dabino, mai ɗibar ruwa, a ba kowa littafi ya rubuta ranar da aka ɗaura da ranar da ya fara ciwo. Bayan damina da rani ɗaya za a san gaskiya. Wanda ke Kano ko Legas kuma, in ya ci karo da tsohuwar cibiyar taya mai giya uku a ciki, irin ta Sturmey-Archer da ke zuwa a wasu kekunan Ingila, ya aiko da ita. Giyarta a rufe take, rairayi ba ya samunta da sauƙi, kuma ya kamata masu gyaranmu su buɗe ta su ga cikinta.

Hukuma ma tana da nata. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa don horar da masu sana'a, akwai Jami'ar André Salifou a Damagaram. Ana koyar da ɗinki, walda da gyaran babur. Ban ga dalilin da zai hana a sa gyaran keke da awon ƙarfe a ciki ba, ko ɗalibi ya ɗauki matsalar giya biyu ta rairayi ya yi aikin kammala karatunsa a kanta, tare da mai rumfa, ba a kan takarda kawai ba.

Mu a nan gidan radiyo ga abin da za mu iya. Duk mai gyara ko maƙerin da ya taɓa yi wa sarƙa, faifai ko firiwil wata dabara, ko da ta ƙi aiki, ya turo keken nan tasha, ko ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp. Za mu sa shi a shiri ya yi bayani da bakinsa, sannan mu fita da keken bayan gari, mu ɗora masa bido biyu cike da ruwa, mu ga inda zai tsaya.