Wane ne Gabbar, wane ne Cabascabo?

A Badagishiri, kamar sauran garuruwan da ke bisa hanyar Birnin Ƙonni zuwa Tawa, idan dare ya yi aka aza butar shayi bisa gawayi, samarin fada ba su rasa abin gardama. Cikin wasannin da suke rage dare da su akwai wani kacici-kacici wanda kakanninsu ba su san shi ba. Dokarsa ba ta da wuya: wani ya faɗi sunan da mutum ya fito da shi cikin fim, ko ya kwatanta aikin da ya yi a ciki, sauran kuwa su kawo sunansa na yanka. A zamanin tatsuniya, wanda ya kasa amsa gari yake bayarwa. Yau kuwa kofunan shayi yake wankewa, ko ya tashi ya sayo sukari.

Da finafinan Indiya ake buɗe fage, domin su suka riga kowa shiga zuciyar Bahaushe. Wane ne Gabbar Singh, shugaban ɓarayin nan na Sholay, fim na 1975? Kafin a rufe baki an ce Amjad Khan. Wane ne Mogambo na Mr. India, 1987? Amrish Puri. Wane ne Jimmy mai rawar disko na 1982? Mithun Chakraborty. Galibin masu amsa nan ba a haife su ba lokacin da finafinan suka fito, amma sun gaji sunayen daga yayyensu, waɗanda suka biya ƴan daloli suka zauna bisa tabarma a gidajen bidiyo, sa'ad da kasat-kasat ke ƙetaro iyaka daga Kano da Sakkwato su bi ta Ƙonni su watsu cikin Adar. Can Nijeriya mugun fim bos ake ce masa, a nan kuwa shef-bandi, amma mutum ɗaya ne, kuma duka ɓangarorin biyu sun san fuskarsa. Mutanen Kano ma har laƙabi suka yi wa wasunsu: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Idan aka juyo ga finafinan Hausa, sai wasan ya soma tsauri, ba don ba a san mutanen ba, sai don sunan wasa ya haɗiye na yanka. Yaro da babba sun san Ibro, amma sai an ɗan yi shiru kafin wani ya tuna Rabilu Musa, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Samanja Mazan Fama ya shekara da shekaru yana shiga gidajen mutane ta rediyo da telebijin na Kaduna, mutum nawa ne za su ce Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya rasu a 2023? Hauwa Ali Dodo ta bar duniya a 2010, har yau Biba ake kiran ta. Duk da haka ba a rasa mai amsa, ko da bayan jayayya.

Inda fada ke yin tsit shi ne idan wani ya tambayi wane ne Cabascabo. Sai a shiga duban juna, wani ya ce ko ɗan ƙwallo ne. Alhali Cabascabo ɗan ƙasar nan ne, tsohon soja da ya komo daga yaƙin Indoshin da kuɗin sallama, abokan cin mushe suka taya shi cinye su. Wanda ya fito a matsayinsa shi ne ya tsara fim ɗin, wato Umaru Ganda, kuma an nuna shi a Cannes ta Faransa a 1969. Shi ne kuma ya ciyo wa Nijar Dokin Yananga na farko da aka taɓa bayarwa a bikin FESPACO na Wagadugu, a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981. Ɗan Adar da ya sauka Yamai ya san gidan raya al'adu mai ɗauke da sunansa, amma da wuya ya taɓa ganin fuskar mai sunan tana motsi a majigi.

Abin mamaki, ba wanda ya cancanci shiga wannan wasa kamar Umaru Ganda, domin da irinsa ya soma. A 1957 yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, cikin ƴan bida irin waɗanda har gobe ke barin Adar bayan girbi, sai Bafaranshen nan Jean Rouch ya sa shi cikin Moi, un noir, wanda ya fito a 1958. Samarin Nijar da ke cikin fim ɗin, mazauna unguwar Treichville, sun ari sunayen ƴan wasan da suke kallo a silima. Ganda ya zama Edward G. Robinson, wani ya zama Tarzan, wata budurwa ta zama Dorothy Lamour. Abokinsa Petit Touré kuwa kansa yake kira Eddie Constantine, wani lokaci kuma Lemmy Caution, wato sunan da shi Eddie Constantine na gaskiya ke fitowa da shi a finafinan Faransa. Suna cikin suna cikin suna ke nan. Duk gwanin fada da ya iya warware wannan ƙulli, ya ci a dafa masa shayi har na uku.

Sai kuma tambayar da ta fi ciwo: wace ce Sarauniya Kiristin? A 1966 Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sabon suna, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Yarinya ɗaya ce cikinsu, Zalika Sule, tana da shekara 19 ko ƙasa da haka kaɗan. Daga nan ta zama tauraruwar finafinan Nijar, sai dai wuraren da ake sa ta ba masu daɗi ba ne: macen bariki, ko kishiyar da kishi ya kai ta ga zubar da jini. Jama'a kuwa ba su raba ta da abin da suka gani a majigi ba. Abin da samari ke yi yau don raha, wato haɗa mutum da sunan wasansa, shi aka yi mata da gaske, aka ɗora mata halin da ba nata ba. Da sana'ar fim ta durƙushe a ƙasar nan daga shekarun 1980, sai ta wayi gari cikin talauci a Yamai, har ta kai ga fita waje aikatau. Rahmatu Keita ta tattara labarinta cikin fim mai suna Al'lèèssi a 2004. Ta rasu a watan Yuli na 2021.

Shi kuwa Mustafa Alasan ba baƙo ba ne a wannan jaha. A Tawa ya zauna shekaru masu yawa, yana zana kwaɗinsa masu sarauta da masu kokowa, har ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Daga Badagishiri zuwa ƙofar gidansa bai kai tafiyar awa guda a mota ba, amma Bombai ta fi shi kusa da samarin garin.

Laifin ba na samari ba ne, domin ba a tuna abin da ba a gani ba. Fim ɗin Indiya ya zo a kasat, ya koma faifai, yanzu yana yawo cikin salula, kuma ƴan Kano irin su Algaita sun sa masa bakin Hausa har tsohuwa na bin labarin. Finafinan Ganda da na Alasan kuwa yawancinsu da Zabarmanci ne ko Faransanci, kuma sun fi zagaya bukukuwan Turai bisa ga kasuwannin Malbaza da Illela. Idan ana iya sa Ba'indiye ya yi Hausa, me ya hana Cabascabo? Wannan aiki ne na Tele Sahel da hukumar kula da harkar silima ta ƙasa: a nemo izini daga masu haƙƙi, a fassara, a nuna, a kuma bar masu tura finafinai a bakin tasha su same su cikin araha.

Kafin nan, ga tambayoyi uku ga masu karatu. Wane ma'aikacin asibiti ne, ɗan masuntan kogin Isa, ya fito cikin Jaguar yana tafiya bida zuwa Gwalkwas? Wane ne mai fataucin kaji da wata tsohuwar mota cikin Cocorico Monsieur Poulet na 1974? Wane ne kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar cikin fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976? Amsa tana nan tafe a wannan shafi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.