Bututu Ya Haye Kogi Lafiya, Ya Zo Ya Kwanta A Kwatarmu

Yau maganar ruwan famfo zan yi, domin in famfo ya ƙafe ba maigida ke fara sani ba. Mu ne, da 'yan matanmu da ake tasa da asuba su ɗebo ruwa kafin su wuce makaranta.

Da yawanmu ba mu san irin doguwar tafiyar da ruwan nan ke yi ba kafin ya iso randa. A Kano, tun 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara jawo ruwa daga kogin Challawa ana tura shi tankin Goron Dutse, daga can ya gangaro gari. Don Abuja kuwa an shimfiɗa bututu daga madatsar Gurara zuwa ta Usuma, tsawonsa kilomita 75, faɗinsa mita 3. Watau dogon mutum zai tsaya a ciki ya miƙa hannu bai taɓo sama ba.

Inda aikin shimfiɗa bututu ya fi wuya shi ne in an iso kogi ko hanyar jirgin ƙasa. Kogi dai ko a ɗora bututun bisa gada, sama da inda ambaliya ke kaiwa, ko a bi ta ƙarƙashinsa. In ta ƙasa za a bi, sai a jira rani, a tare ruwan a karkata shi gefe, a haƙa rami mai zurfi, a kwantar da bututun, sa'an nan a danne shi da kankare. Kun san dalilin kankaren? Bututu komi nauyinsa, in babu ruwa a cikinsa yana iya tasowa kamar gora a bisa ruwa, damina ta yi gaba da shi.

Hanyar jirgi kuwa ba a yanka ta, don ba a tsai da jirgi saboda aikin famfo. Sai a gina rami a wannan gefe, a gina wani a wancan. A kawo wani ƙaton bututu na ƙarfe ko na siminti, a riƙa tura shi da jak a hankali ta ƙarƙashin layin dogo, ana kwashe ƙasar da ta shiga cikinsa, har ya ɓulla. Wannan riga ce kawai. A cikinta ake zura bututun ruwan na ainihi, domin ko ya tsage wata rana, ruwan ba zai zaizaye ƙasar da ke ɗauke da jirgi ba. Kuma ba a sakin ruwa ga jama'a sai an cika bututun an matsa shi da ƙarfi an ga ba ya yoyo.

To, ku dubi wannan taka-tsantsan, sa'an nan ku leƙa ƙofar gidajenmu. Ruwan da aka tace, aka zuba masa magani, ya haye kogi, ya ratsa ƙarƙashin jirgi, a 'yan takun ƙarshe sai mu karɓe shi da siririn bututun roba, mu shimfiɗa shi tsirara cikin kwata, inda ruwan wanka da na makewayi ke bi. Haba jama'a! Na ga lungun da bututu kusan goma ke kwance cikin kwata guda, wanda ya huje an ɗaure shi da leda da tsumma.

Wata za ta ce ai ruwa fita yake yi ta hujin, ba shiga ba. Gaskiya ne, muddin akwai ruwa da ƙarfinsa. Amma sa'ad da aka ɗauke ruwa, bututun yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Ran da ruwa ya dawo, wannan ƙazanta ita ke fara isowa bokitinki. Ta irin wannan hanya amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shiga gida. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Na sani ba mu ke kiran mai gyaran famfo ba, ba mu ke biyansa ba. Amma mu ke jinya in yaro ya kwanta, saboda haka muna da bakin magana. Uwargida, ki lallaɓi maigida ya sa a fid da bututun daga kwata a binne shi. In lalle sai ya ƙetare kwatar, a bi ta samanta, a zura shi cikin wani gutsuren bututu mafi faɗi, yadda ake yi wa na hanyar jirgi. Kuɗin bai kai na kwana biyu a asibiti ba. In kin ga babban bututu ya fashe a titi, a aika a gaya wa ma'aikatan ruwa, kada a mai da wurin wajen wanki. In ruwa ya dawo bayan ɗaukewa, na farkon a yi shara da shi, na sha kuwa a tafasa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ke fita kullum kuna ganin lungu. In kun taso yau, kowace ta bi bututun gidansu da ido tun daga bakin titi har zaure, ta zo ta gaya wa mahaifiyarta inda ya bi.