Kunnen hukuma: darasin Kano ga mutanen iyaka

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da ke zaune a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, bakin iyakar Nijeriya, wajibi ne mu san abin da ya auku a Kano a 1980.

A da, binciken asiri a Nijeriya aikin wani reshe ne na ƴan sanda, wato ƴan sandan ciki. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar NSO, ta danƙa mata wannan aiki, kuma shugaban ƙasa take kai wa rahoto. A 1979 aka ɗora Umaru Shinkafi bisa kanta. A ganinmu, hukumar da aka haifa don tsoron juyin mulki, gadon mulki take tsaro kafin unguwa.

A wannan lokaci Muhammadu Marwa, wanda ake kira Maitatsine, yana tara almajirai a unguwar Ƴan Awaki. Ba a ɓoye yake ba, domin tun 1962 an taɓa korarsa daga Kano, ya komo. Maƙwabta sun yi ta kai kuka. A watan Nuwamba 1980 gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takarda ya tashi. Amma gwamna ɗan PRP ne, shugaba Shehu Shagari ɗan NPN, ƴan sanda kuwa umurnin Legas suke bi. Labari yana hannun wani, iko yana hannun wani.

Ran 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke, ya fi ƙarfin ƴan sanda, sai da soja suka shiga. Kwamitin bincike na alƙali Aniagolu ya ƙirga rai 4,177. Cikin waɗanda aka kama har da ƴan ƙasarmu. Fitinar ta sake tashi a Bulunkutu a 1982, Jimeta a 1984, Gwambe a 1985. A 1986 Janar Babangida ya rushe NSO, ya raba aikinta gida uku.

Darasin bai tsufa ba. A Nuwamba 2024 sojan Nijeriya suka bayyana sunan Lakurawa, alhali mutanen Tangaza da Gudu, a jihar Sakkwato, sun yi shekaru da saninsu.

Ya ku ma'aikata, mai gari da liman da sarkin tasha sukan riga komisariya jin labari. A buɗe masu hanya, a rufe asirin wanda ya kawo magana, jandarma da ƴan sanda da sarakuna su riƙa zama tabarma ɗaya. Kada kuma a mai da kowane almajiri abin tuhuma, gama wanda aka wulaƙanta ba ya sake buɗe baki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.