Gwajin Jini Kafin Aure: Wa Ke Da Hurumin Cewa A Fasa?

A wannan makon zan taɓo wani batu da ke raba kan likitoci da malamai da 'yan majalisa, wato gwajin jini kafin aure, musamman na cutar amosanin jini da muka fi sani da sikila.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata budurwa da ta shigo kantin maganinmu kwanakin baya. Ta jira har mutane suka ragu, sannan ta miƙo mini takarda ta ce, "Anti, don Allah ki duba mini wannan." Sakamakon gwaji ne. Ita AS, wanda zai aure ta shi ma AS. An kai kuɗin aure, an kawo lefe, saura sati uku biki. Na yi mata bayanin abin da takardar ke nufi. Ta yi shiru, can ta ce, "To Anti, ba ki san inda za a canza mini ita ta koma AA ba?" Na ce mata ban sani ba, kuma ko na sani ba zan nuna mata ba, domin takarda kawai za a canza, jinin yana nan yadda yake. Ta fita tana hawaye, ni kuma na kwana da abin a raina.

Kafin mu shiga muhawarar, bari mu fahimci lissafin. Gwajin jinotaif daban yake da na rukunin jini, wanda ake ce wa mutum O ne ko A ko B. Jinotaif yana nuna irin sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jininka, wanda ka gaji rabi daga uwa, rabi daga uba. Mai AS lafiyarsa ƙalau, hasali ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa masu AS suka yi yawa a ƙasashenmu. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. A lura, kowane ciki zaman kansa yake yi. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba. Akwai gidan da suka haifi biyar babu mai sikila, akwai kuma gidan da uku a jere suka zo da ita. Haka nan akwai AC, wanda ya fi yawa a ƙasar Yarbawa da Ghana, kuma idan ya haɗu da AS ana iya haihuwar mai SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Mu da ke zaune a Legas da Ibadan da Abuja, muke auratayya da maƙwabta, sai mu riƙe wannan.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan cuta. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Wannan ne ya sa hukumomi suka fara sa baki. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure a Jihar Kano, wanda ya haɗa da jinotaif da cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta nau'in B da C da kuma tunjere. Coci-coci da dama a ƙasar nan ma sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin su ɗaura aure.

To a ina gardamar take? Kusan kowa ya yarda a yi gwaji. Inda aka rabu shi ne abin da zai biyo baya. Wasu na cewa a ƙara gaba, a haramta auren AS da AS gaba ɗaya. Hujjarsu mai ƙarfi ce: masoya biyu ne suka zaɓa, amma yaron da zai riƙa kwana yana kukan ciwon ƙashi ba a shawarce shi ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila, ya ga ƙarin jini da kwanan asibiti da barin makaranta, ba zai raina wannan magana ba. Ni kaina a kowane wata ina ganin iyayen da ke ƙirga canji a gaban kanta, suna tambaya ko za a raba musu maganin gida biyu.

Wasu kuma na cewa aure haƙƙin baligai ne, hukuma ta tabbatar sun sani, amma kada ta zaɓa musu. Suna tambaya: idan aka buɗe ƙofar hana aure saboda gadon cuta, a ina za a tsaya? Ma'auratan da suka manyanta, ko waɗanda ba su da niyyar haihuwa, su ma a hana su? Saudiyya ta wajabta irin wannan gwaji tun shekarar 2004, amma ta bar wa masu auren zaɓi bayan an zaunar da su an yi musu bayani.

Ga tawa fahimtar. Idan AS biyu suka nemi shawarata, zan ce musu su haƙura, kuma ba na ɓoye wannan. Sai dai ba na goyon bayan a mayar da shawarar ta zama hani na doka. Budurwar da na ba ku labarinta ita ce dalilina. Duk lokacin da takarda ta zama katanga tsakanin mutum da abin da yake so, kasuwar takardun jabu ce za ta buɗe. Ma'auratan da suka yi aure da takardar ƙarya ba za su kai jaririnsu gwaji da wuri ba, don kada asiri ya tonu, kuma yaron ne zai biya. Gara a san gaskiya a shirya mata, da a ɓoye ta har ta bayyana a gadon asibiti.

Babban kuskurenmu shi ne lokacin da muke yin gwajin. Muna jira sai soyayya ta yi nisa, iyaye sun shiga, an kashe kuɗi, sannan mu tafi ɗakin gwaji. A lokacin nan fasawa ta zama abin kunya ga dangi biyu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Iyaye, ku san jinotaif na 'ya'yanku tun suna ƙanana, ku faɗa musu kafin su kai shekarun zance. Samari da 'yan mata, ku yi wannan tambaya a farkon haɗuwa, kafin zuciya ta kama. Yin haka bai saɓa wa tawakkali ba, riƙo da sababi ne.

Ku kuma kula da ingancin gwajin. Kuskure yana faruwa, don haka a maimaita a wurare biyu amintattu, ɗaya ya kasance babban asibiti. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa wa ma'aikata, domin jinin da aka ƙara masa zai iya rikita sakamakon. Ku je tare, ku karɓi sakamakon tare. Sannan sakamako amana ne. Bai halatta ma'aikacin lafiya ko waliyyi ko ƙawa su yaɗa shi a unguwa ba. Idan an fasa aure, a rabu cikin mutunci, kada a ɗora wa yarinya laifi ita kaɗai alhali rabin gadon daga namiji yake zuwa.

Kada kuma yaƙi da cuta ya koma yaƙi da masu ita. Mai SS zai iya auren AA, kuma 'ya'yansu duka AS za su kasance. Masu sikila suna karatu, suna aiki, suna riƙe gidaje. Abin da suke buƙata shi ne a gano cutar tun suna jarirai, a ba su rigakafin yara cikakke, da fenisilin a ƙuruciya, da folik asid, da kariya daga sauro, da yawan shan ruwa. Akwai kuma maganin haidroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon, wanda binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Likita ne kaɗai ke rubuta shi, tare da gwajin jini a kai a kai, kada a saya a sha da ka.

Maganin warkewa gaba ɗaya akwai shi, amma ya fi ƙarfin talaka. An fara dashen ɓargo a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A Disambar 2023 Amurka ta amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin halitta, a kan farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Saboda haka ina kira ga gwamnatocin da ke wajabta gwaji: ku sauƙaƙa kuɗinsa, ku sa ido a kan ɗakunan gwaji, ku samar da masu zaunar da ma'aurata su yi musu bayani, ku kuma sa magungunan sikila cikin inshorar lafiya. Dokar da ta tsaya a kan neman takarda kawai ba ta gama aikinta ba.

Mai karatu, ka san naka jinotaif? Na 'ya'yanka fa? Idan amsar a'a ce, kada wannan watan ya wuce ba ku je ba.

Sai mun haɗu mako mai zuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu zuriya mai albarka.