Wa Ke Auna Man Da Ya Malala A Tekunmu?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, Hausawa sun ce ba a bai wa kura ajiyar nama. Amma a sha'anin gurɓata teku da man fetur, ƙasarmu ta daɗe tana yin haka, domin kuwa kamfanin da mansa ya malala shi ne yakan fara faɗin yawan abin da ya zuba, kuma sau da yawa a jirginsa jami'an gwamnati ke zuwa duba ɓarnar. Ra'ayina shi ne, muddin hukuma ba ta da idon kanta, to, ba ta da ta cewa.

Mu ɗauki darasi daga Amurka. A shekarar 2010, lokacin da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a Tekun Meziko, da fari an ce ganga 1,000 ke zuba a kullum, daga baya aka ce 5,000. Masana masu zaman kansu suka duba hotunan tauraron ɗan Adam, suka ce sam, abin ya ninka haka. A ƙarshe ƙiyasin gwamnatin ƙasar ya haura ganga 50,000 a kullum. Gani ya kori ji.

Mu dawo gida. A watan Disamba na 2011, mai ya malala a filin Bonga na kamfanin Shell, kimanin kilomita 120 daga gaɓar tekunmu, yayin da ake ɗura wa wani jirgin dako. Kamfanin ya ce kimanin ganga 40,000 ne. Wata ƙungiya ta Amurka mai suna SkyTruth ita ce ta fito da hoton tauraron Envisat na Turai, wanda ya nuna man ya shimfiɗu a kan ruwa tsawon kusan kilomita 70. Mazauna gaɓar teku sun ce man ya iso gare su, kamfanin ya ce an tarwatsa shi tun a tsakiyar teku. Aka yi ta shari'a har 2023, lokacin da Kotun Ƙoli ta Ingila ta ce lokacin shigar da ƙarar ya wuce. Da muna da awon kanmu na kowace rana, da gardamar ba ta kai haka ba.

To, yaya na'urar ke ganin mai daga sama? Rada takan aika sigina zuwa fuskar teku, ƙananan igiyoyin ruwa da iska ke tayarwa su mayar mata da ita. Shi kuwa mai yakan kwantar da waɗannan igiyoyi, saboda haka wurin da ya malala sai ya fito baƙi ƙirin a hoto. Babban amfaninta shi ne tana gani da dare, tana kuma ratsa gajimare, wanda ba ya rabuwa da gaɓar tekunmu da damina.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Idan iska ta kwanta, ruwa mai tsabta ma yakan fito baƙi. Idan ta yi ƙarfi ainun, man ya ɓace wa na'urar. Ba ta faɗin kaurin man, kuma ba ta da ƙarfi sosai a ƙananan rafuka masu duhun itatuwa na Neja Delta. Don haka tilas a haɗa ta da na'urorin da ake sakawa cikin ruwa, waɗanda ke haska wani haske da ido ba ya gani, mai kuwa ya yi ƙyalli a ƙarƙashinsa. Tilas kuma a ɗebo samfuri a kai ɗakin gwaji, domin ɗanyen man kowace rijiya yana da alamominsa, kamar zanen yatsa.

Masu cewa babu kuɗi, ga amsa. Tun 2007 ƙasashen Turai ke da tsarin CleanSeaNet mai faɗakar da su da zarar an hango mai a tekunsu, kuma hotunan taurarin Sentinel-1, waɗanda aka harba na farkonsu a 2014, kyauta ne ga kowa. Muna da hukumar NOSDRA tun 2006, muna da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999. Abin da ya rage shi ne ƙwararrun da za su karanta hotunan kullum, da jiragen ruwa na hukuma da za su isa wurin kafin man ya watse, da wallafa sakamakon a fili yadda kotu za ta karɓe shi hujja.

Kada wani ya ce teku ta yi mana nisa. Kuɗin man nan yana cikin albashin ma'aikaci da ginin jami'a, alhali masuncin da komarsa ta jiƙe da mai shi ke biyan farashin. Ɗaliban kimiyya da labarin ƙasa su nemi wannan ilimi, ma'aikata kuma su ƙi sa hannu a kan adadin da ba su auna ba. Allah ya sa mu gane.