RA'AYINMU: A Ceto Takardun Kakanninmu Kafin Gara Ta Gama Da Su

A gidaje da dama na Nima da Mamobi akwai tsohuwar adaka da ba a buɗewa sai ranar rabon gado. A cikinta akan tarar da lambar yaƙi, ko ɗan littafin soja da aka rubuta da Faransanci, wanda jikoki ba sa iya karantawa. Sau da yawa daga nan sai juji. Wannan asara ce babba.

Kamar yadda tarihi ya nuna, Faransa ta kafa rundunar baƙaƙen sojojinta, wato Tirayo, a 1857, ta kuma ɗebi samari daga ƙasashen da a yau ake kira Nijar, Mali da Burkina Faso don yaƙe-yaƙen duniya biyu. Aikin tilas kuwa bai ƙare ba sai 1946. Gudun waɗannan biyun ne ya sa dubban Zabarmawa, Mosawa da Hausawa suka tsallako zuwa Gwalkwas. Wasunsu sun shiga sojan Ingila, wasu suka kama dako da fatauci, wasu kuma suka iso bayan Faransa ta sallame su. Zuriyarsu na cikin waɗanda suka cika zango-zangon Akra.

Binciken ba shi da sauƙi. Turawa kan rubuta soja da sunan ƙabila a maimakon na mahaifinsa, kamar Alhaji Grunshi, wanda ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Togo cikin Agustan 1914. Saboda haka lambar soja ta fi suna amfani. Da ita ake iya neman bayani a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Adabraka, kusa da Circle, ko a ta Dakar, ko ta sojan Faransa da ke garin Pau.

Mun san dalilin da ya sa wasu ke jan ƙafa. Korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ta koya wa mutanen zango yin shiru game da asalinsu. To amma shirun bai hana a kira ɗan Nima baƙo ba in ya je yankar katin ɗan ƙasa. Takardar da ke nuna shekarar da kakanka ya zauna a ƙasar nan hujja ce a hannunka.

Don haka muna kira ga sarakunan zango da limamai da su sa matasa su ɗauki hoton waɗannan takardu, su kuma naɗi muryar dattawa tun suna raye. Ku kuma 'yan kasuwarmu na Aflao, Paga da Bawku, ku ne kuke ƙetara iyaka kullum. In kun isa Doso ko Wagadugu, ku tambayi gidan da kakanku ya baro. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.